Allon Aji Uku

Yammar da abin ya fara ba ta da bambanci da sauran yammacin Tudun Fulani. An ɗauke wuta tun la'asar, hayaƙin gawayi yana tashi daga gidaje, ladan yana gyaran murya a lasifika. Malama Mubina tana bakin murhu tana tuƙa tuwo, 'yarta Karima kuwa, mai shekara tara, tana kan tabarma da kwamfutar hannu a cinya.

Kwamfutar ta makaranta ce. Wata ƙungiya ce ta kawo wa firamaren da Mubina take koyarwa, aka damƙa mata ta aji uku tare da ɗan majigi mai haska darasi a bango. Tun daga lokacin ta huta da ƙurar alli. Takan sauko da darussa daga intanet ta haska wa yara, idan an tashi ta jefa na'urar a jaka ta kawo gida ta yi mata caji da 'yar solarsu. Allon ajin kuwa ya zauna fayau, ba ko ɗigon rubutu.

Muryar na'urar ta ce, "Biyu sau uku."

Karima ta ce, "Shida."

Sai waɗansu muryoyi sirara, masu yawa, suka amsa daga bayan duron ruwa, "Shida."

Muciya ta tsaya a hannun Mubina. Ta haska wurin da fitilar waya, ba kowa, ko kaza babu. Karima ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Mama, ki matsa mana, kin tare musu."

Ana sallame sallar magariba jifa ya fara sauka a kan kwano.

Mijinta Sanda, mai sayar da hatsi a Kasuwar Kure, ya fita da sanda ya zagaye gidan yana zagin 'ya'yan maƙwabta. Bai ga ko ɗaya ba. Da safe Mubina tana shara ta tarar cewa rabin abin da aka jefo ba duwatsu ba ne, guntayen alli ne, tsofaffi, waɗansu har sun yi kore.

Sanda ya juya ɗaya a tafin hannunsa ya ce, "Maman Karima, wa yake da alli in ba malami ba? Ba ke kika ce Malam Gimba ya ji haushi da aka ba ki na'urar nan aka tsallake shi ba?"

Maganar ta zauna mata. Ta daina cin abin da aka raba a ofishin malamai. Idan Gimba ya ce, "Malama, yaya yara?" sai ta yi ta auna abin da yake nufi. Sanda kuma bai tsaya nan ba. Yau ya zargi maƙwabcin da suka yi rigimar kwata da shi, gobe ya zargi ƙungiyar, yana cewa wa ya san abin da suka zuba a cikin abin kafin su raba.

Karima dai tana ta lalacewa. Da rana lafiya lau take, sai rashin ci. Da inuwa ta miƙe sai ta zauna ta fuskanci bango, tana karanto darasi da ƙarfi, tana dakatawa kamar mai jiran amsa, wani lokacin har ta daka tsawa ta ce a yi shiru. An kai ta asibiti, ba a ga komai ba. Mubina ta kulle na'urar a ofishin hedimasta ta dawo gida ba ita, tana ganin ta raba gardama. A wannan magaribar jifan ya huda kwano, Karima ta faɗi ta sandare, idanunta a buɗe, ba ta gane uwarta ba.

Washegari Sanda ya ɗauko Malam Ndaliman a keke napep daga Barkin Sale. Dattijo ne ɗan Bida, mai maganar sanyi, wanda aka sani da ruƙiyya. Ya iso rana tana ja, ya zauna kusa da kan yarinyar, ya ce a rufe ta da mayafi, ya fara karatu. Can yatsun ƙafar Karima suka fara rawa, sai wata muryar tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wa ya aiko ki?"

Sanda ya yi caraf ya ce, "Gimba ne ko? Faɗi gaskiya!"

Muryar ta yi dariya. "Wane ne kuma Gimba? Ba wanda ya aiko ni. Bin hakkin 'ya'yana na zo."

Malam ya ce ta yi bayani.

"Muna filin makarantar tun ba a aza tubalinta ba. Da suka gina ba mu ce uffan ba, su da rana, mu idan rana ta faɗi. Kowane malami yakan tashi ya bar rubutunsa a allo, 'ya'yana su shiga su karanta. Sai wannan ta zo ta naɗe karatun ta sa a jaka. Yara suka yi ta zama gaban baƙin allo suna kuka. Sai muka biyo jakar."

"To yarinyar nan me ta yi miki?"

"Yatsunmu ba sa kama gilashin nan. Nata suna kamawa. Kuma ta iya koyarwa, ta fi uwar haƙuri. Ita zan riƙe."

Malam Ndaliman ya ce, "Wannan zalunci ne, kin kuma san makomar azzalumi." Ya ci gaba da karatu har muryar ta yi ƙara.

Ta ce, "To a fasa na'urar! A fasa ta a gabana in tafi."

Sanda ya ce, "A fasa mana! Yanzu zan je in ɗauko."

Mubina ta tuna yaran ajinta, waɗanda sai bana suka fara haɗa baƙi saboda hotunan da majigin yake haskawa. Ta dubi siraran hannuwan 'yarta. Ta ce, "Baba, na'urar ba tawa ba ce, ta yaran mutane ce. Amma ka gaya mata, kullum kafin in bar aji zan rubuta darasin ranar a allo da hannuna, ba kuma zan bari a goge ba sai da safe."

Malam ya dakata da karatu.

Muryar ta ce, "Har Juma'a?"

Mubina ta ce, "Har Juma'a."

"Idan an yi hutu fa?"

Malam ya ce, "Hutu na kowa ne. Naki ma su huta."

Ya sa ta yi rantsuwa ba za ta sake taɓa yarinyar ba, ba kuma za ta sake tako gidan ba. Ta rantse, ta ƙara da cewa ranar da allon ya kwana babu rubutu ita ma rantsuwarta ta warware. Ƙafar Karima ta hagu ta miƙe ta saki. Yarinyar ta yi atishawa, ta yaye mayafin, ta ce, "Mama, yunwa nake ji."

Washegari da aka tashi, Mubina ta tsaya a aji ita kaɗai ta cika allon da lissafi, ta ja ƙofa ta kulle da kanta. Da safe ta riga kowa zuwa, Karima tana biye da ita tana cin ƙosai. Kwaɗon yana nan yadda ta bar shi. A can ƙasan allon, inda sai mai rarrafe zai kai, an amsa tambayoyin da wani ƙanƙanin rubutu mai karkata. Ta dubi tagogi, ta leƙa ta ga maigadi yana shara a nesa. Sannan ta durƙusa ta bi amsoshin ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshen ba daidai ba ce.

Ta dubi Karima, wadda ta cika baki da ƙosai. Sai ta ɗauki alli ta gyara, ta rubuta a gefe da manyan baƙaƙe, "Ku sake gwadawa."