Sautin Ƙarshe na Makaɗi

Kwana tara da rasuwar makaɗin, matarsa ta zo caji ofis ta ce an ɗauke na'urar kiɗansa. Sufeto da Sajan suka bi ta gida.

Ba a fasa ƙofa ba. Akwatin na'urar na jingine da bango, mayafinta a ninke kan kujera. Shekara ashirin Sufeto na aiki, bai taɓa ganin ɓarawon da zai bar akwati ya rungumi kaya tsirara ba.

Matar ta ce tsohuwar na'ura ce mai jikin katako, da maɓallan murzawa kusan arba'in, da wayoyi birjik a soke a gabanta. Ta yi niyyar goge ta, don ganinta da ƙura na sa ta kuka. Mutum ɗaya ta gaya wa niyyar tata: mai gyaran kayan kiɗa, aminin marigayi, wanda ke da makullin ɗakin.

A shagonsa, mai gyara ya rantse rabonsa da gidan tun ranar jana'iza.

"To me ke gurnani a ɗakin ciki?" in ji Sufeto.

"Firji ne, yallaɓai."

"Firji a shagon da ko ruwan sha babu?"

Sufeto ya tura Sajan ya ɗauko abin. Mai gyara ya zauna daɓas, idonsa ya kawo ruwa, ya amsa laifi.

Ya ce irin wannan na'ura ba ta ajiye komai a ciki. Sautin yana nan ne kawai inda yatsu suka bar kowane maɓalli da kowace waya. Wata uku marigayi yana haɗa wa matarsa wani sauti, bai kai ga naɗa ba ajali ya zo. Shafar tsumma ɗaya, ko gogar akwati, shi ke nan.

"Me ya hana ka gaya mata?"

"Marigayi ya sa ni alkawari kada ta sani sai an naɗa. Gobe za a kawo mini rikoda."

Sufeto ya miƙe zumbur, amma ya makara. Sajan ya fito da na'urar a kafaɗa, wayoyin a nannaɗe tsaf a hannunsa.

"Wayoyi goma sha huɗu, yallaɓai. Maɓallan ma duk na mayar da su sifili, kada wuta ta ja wani."

Mai gyara bai yi kuka ba. Ya miƙa hannuwansa biyu a sa masa ankwa.

Sufeto ya mayar da ankwa aljihu, ya riƙe mai gyara a kafaɗa har mota. A hanya babu abin da ke cin ransa sai tunanin wanda zai gaya wa matar cewa sautin da mijinta ya haɗa mata ya ɓace.