Sunan da Hajiya Turai Ba Ta Faɗi

Rana ta take tsaka lokacin da Sufeto Zainul Abideen na 'yan sandan Dubai ya isa wani sito a Dubai Investments Park. Iyayensa Hausawan Maiwurno ne a Sudan, shi kuwa a nan ya girma, don haka duk ƙarar da ta shafi 'yan kasuwar Kano teburinsa take zuwa.

Ƙofar siton a buɗe take. Ciki babu komai sai katakon ɗora kaya da guntayen igiya.

Wata dattijuwa tana zaune a kan kujerar roba, ta rafka tagumi. Kusa da ita wani matashi mai farar jallabiya yana ta kai da kawo, waya a hannu.

"Wace ce mai kayan?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Turai, daga Kantin Kwari. Leshi ne da shadda, kayan Sallah. Jiya na sauka, na zo in yi lodi, na tarar da haka." Ta nuna siton da haɓa. "Kuma ba nawa ba ne ni kaɗai. Matan layinmu duk sun zuba a ciki, ni suka yarda da ni."

"Da sunan kamfani aka ajiye?"

"Ƙwarai. Sabo ne, bana muka buɗe."

"Me sunansa?"

Hajiya ta kau da kai, ta gyara gyale. "Sunan yaron nan ne."

"Wane yaro?"

Matashin ya tari numfashinta yana murmushi. "Maharazu General Trading, yallaɓai. Maharazu ɗanta ne na fari. Ka san iyayenmu da alkunya, ko a gaban alƙali Gwaggo ba za ta kama sunan nan ba. Ni ne Musbahu, ɗan yayanta. Harkar kago nake yi a Deira, ina tura wa 'yan kasuwa kayansu gida."

Sufeto ya duba makullin. Ba a fasa ba, ba a ko karce shi ba. Ya sa aka kira mai kula da siton, wani mutumin Kerala ta Indiya mai furfura. Mutumin ya ce shi bai ga ɓarawo ba. Sabon manajan kamfanin ne ya zo da lasisi da hatimi, aka kwashe kaya cikin kwantena da rana tsaka. Sunan manajan Sabo. An ce tashar jirgin ruwa za a kai.

"Sabo? Ni ban san wani Sabo ba," in ji Hajiya. "Ni ce manaja, ni ce komai."

"A takarda ba ke ba ce yanzu," in ji Sufeto.

Musbahu ya tafa hannu. "Khalas, magana ta ƙare! Na faɗa! Wakiliyar nan ce da ta yi wa kamfanin rajista. Ita kaɗai ke iya canza suna a hukuma. Yallaɓai, a kama ta kafin ta gudu."

"Layin wayar kamfanin yana hannun wa?" in ji Sufeto.

"Ina barin sim ɗina na nan in zan koma gida," in ji Hajiya. "Kowa haka yake yi, kada layin ya mutu. Na bar wa Musbahu, da hatimin."

"Ni kuma na kai su ofishin wakiliyar tun watan jiya," in ji Musbahu da sauri. "Ta ce za a sabunta wasu takardu."

Kowa haka yake yi. Sufeto ya gaji da jin wannan kalma. Mutum zai ƙulle shago da kwado uku, sannan ya miƙa hatiminsa da layin da lambar sirri ke shiga, ya hau jirgi hankali kwance, wai ai na gida ne. Ya buga waya tashar jirgin ruwa. Aka ce kwantenar tana nan, amma tana cikin layin lodi. Idan babu hujja, ba za a tsayar da kayan da manajan kamfani ya sa wa hannu ba.

Ofishin wakiliyar yana hawa na biyu a Al Khabaisi, saman wani shagon taya. A jikin ƙofar an jera sunayen ƙananan kamfanoni da yawa. Najiba sunanta, 'yar Zariya, lauya ce. Ba ta nuna tsoro ba da ta ga kaki.

"Ke ce wakiliyar rajista ta Maharazu General Trading?"

"Ni ce."

"Mene ne aikinki a ciki? A taƙaice."

"Sabon kamfani irin nata sai da wakili mai lasisi, yallaɓai. Ofishin nan shi ne adireshinsa a wajen hukuma. Sammaci ko sanarwa, nan suke zuwa, in isar wa mai shi. Ni ke tuna masa lokacin sabunta lasisi. In za a canza manaja ko mai hannun jari, ta hannuna ake bi. Ba na taɓa kaya, ba na taɓa asusu. Ƙofa ce ni kawai."

"To ta ƙofar nan ɓarawo ya wuce."

Ta haɗiye maganar. "Mai kamfanin ce ta amince."

"Hatimi da sim ɗinta suna wajenki?"

"Allah ya kiyaye. Ba na riƙe hatimin kowa. Wa ya faɗa?"

"Ranar rajista, lambar wa kika rubuta?"

"Ta Dubai. Na roƙe ta ta ba ni ta Kano ma, da imel. Ɗan yayanta ya ce Gwaggo ba ta son a dame ta da Turanci, in akwai magana a kira layin nan. Na ce ba haka ake yi ba. Ita ta yi dariya, ta ce ai Musbahu idonta ne."

"Kika haƙura."

"Na haƙura."

"Yaya aka yi canjin?"

"Saƙo ya zo daga layinta. Na ce sai na gan ta. Muka yi kiran bidiyo, na naɗa. Lambar sirri ta shiga layin, ta karanto mini. Sabon manajan ya zo da katinsa, na ɗauki hotonsa, ya sa hannu."

Ta juyo masa da kwamfuta. Wata mata ce cikin atamfa mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye, gyale ya sauko har goshi, takunkumi ya rufe hanci da baki. Hoton yana rawa. Muryar a shaƙe take.

"Ni ce Turai, mai kamfanin Maharazu General Trading. Na amince Malam Sabo ya zama manaja."

Sufeto ya ce a maimaita. Aka maimaita. Ya jingina da kujera.

"Me ya hana ki ce ta sauke takunkumin?"

"Ta ce mura take yi. Kuma..." Najiba ta sunkuyar da kai. "Sa'ar mahaifiyata ce. Na ji nauyinta."

"Nauyi! An ba ki lasisi don ki duba fuska, kika ji nauyi. Mace da mace! Malama, wakilin da ke jin kunyar tambaya, me ya bambanta shi da ƙofar da ba ta da sakata?"

Sufeto ya nuna kwamfutar da yatsa.

"Ranar rajista, kin ji Hajiya ta faɗi sunan kamfanin da bakinta?"

Najiba ta yi tunani. Sai idanunta suka buɗe. "A'a. Rubuta mini aka yi. Ita sai dai ta ce na yaron nan."

"Ba ni adireshin Sabo."

Adireshin ya kai shi Sonapur, unguwar leburori, inda kayan aiki masu ruwan lemo ke shanye a kowane baranda. Ya sami manajan Maharazu General Trading a ɗaki mai gadaje hawa-hawa, yana cin shinkafa da wake a murfin tukunya. Mutumin Gumel ne, birkila. Da ya ga kaki sai cokalin ya faɗi.

"Kai ne Sabo? Ashe manaja ne kai."

"Ni? Wallahi bulo nake ɗorawa, ranka ya daɗe."

"Ka taɓa zuwa Al Khabaisi?"

"Ban ma san hanyar ba."

"An ɗauki hotonka a can. Kana sanye da kwat ɗin da ta fi ka girma."

Sabo ya dafe kai. "Innalillahi. Wani Alhaji ne. Ya same ni a masallaci ranar Juma'a, ya ce zai fitar da ni daga rana, ya canza mini biza zuwa aikin ofis. Ya ce in sa hannu kawai. Shi ya ara mini kwat ɗin. Ya kai ni ƙofar ofishin, ya tsaya a mota. A sito ma haka."

"Sunansa?"

"Alhaji Nasir, in ji shi."

"Da wace lamba yake kiranka?"

Sabo ya miƙa tsohuwar wayarsa. Sufeto ya duba. Layin Hajiya Turai ne.

"Za ka gane shi?"

"Ko a cikin taron Arfa."

"Yalla, mu tafi. Wanke hannunka."

Bayan la'asar Sufeto ya tara su a ofishin Najiba. Ya bar Sabo a mota tare da kofur. Musbahu ya shigo yana baza turare, ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Madalla, yallaɓai. Yau za a ga ƙarshen 'yan damfara masu digiri."

"Za a gani. Hajiya, ki kalli wannan."

Najiba ta kunna bidiyon. Da muryar ta kai kan sunan, Hajiya ta zabura kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Ni? Ni ce zan kama sunan nan gatsal haka? Ko ranar da aka raɗa masa ban faɗa ba!"

"Na sani," in ji Sufeto. "Da safe a gabana kika ƙi faɗa, alhali dukiyarki ce ta ɓata. Wanda ya shirya wannan ya samo takunkumi, ya samo layi, ya samo hatimi. Ya rubuta wa matar abin da doka ke so a faɗa. Ya manta abin da ke ba za ki faɗa ba."

"To ai shi ke nan," in ji Musbahu. "Wakiliyar nan ce ta ɗauko wata ta..."

"Dakata." Hajiya ta matso da fuskarta jikin kwamfutar. "Yarinya, tsayar mini da hoton nan."

Najiba ta tsayar.

Hajiya ta daɗe tana kallo. Tun tana budurwa take auna yadi, ba ta mance zane.

"Wannan atamfar ba ta shigo kasuwa ba. Samfuri ce aka aiko mini, turmi ɗaya tak, ban yi odarta ba don tsuntsun ya yi girma." Ta juyo a hankali. "Ni na kawo wa Bilqis ita tsaraba da ta haihu. Matarka, Musbahu."

"Haba Gwaggo! Atamfa ai atamfa ce."

"Kada ka koya mini atamfa."

Sufeto ya leƙa taga, ya ɗaga hannu. Jim kaɗan kofur ya shigo da Sabo. Birkilan bai ko yi sallama ba.

"Alhaji Nasir! Ina bizar tawa?"

Musbahu ya sauke ƙafarsa. Ya dubi ƙofa, kofur na tsaye a bakinta.

"Ka ce sim da hatimi suna nan ofis," in ji Sufeto. "Za ka fito da su da kanka, ko mu je Deira mu tambayi Bilqis? In na je, tare da ita zan dawo. Na ji akwai jariri."

Musbahu ya zaro walat, ya ciro ɗan sim daga bayan katinsa, ya ajiye a tebur.

"Ba ta san komai ba. Na ce mata Gwaggo ce ta sa a yi, don ba ta da lafiya. Hatimin yana mota." Muryarsa ta tashi. "Ni na nemo siton nan! Ni ke bin kwastan, ni ke tsayuwa a rana! Da aka tashi buɗe kamfani sai aka sa sunan wanda yake kwance a Kano, ko Dubai bai taɓa gani ba. Ni kuwa sai Allah ya yi albarka."

"Da ka tambaya," in ji Hajiya a hankali.

"Da na tambaya, da kin ce ai duk ɗaya ne."

Hajiya ba ta musa ba.

"Kwantenar ina za ta?" in ji Sufeto.

"Kwatano. Akwai mai saye."

Sufeto ya buga waya tashar jirgin ruwa, ya yi magana da Larabci a gajarce, ya kashe. "An cire ta daga layi. Matan layinku za su yi Sallah da kayansu, Hajiya." Ya juya ga kofur. "Tafi da shi. Sabo ma zai ba da bayani. Shi da ya sayar da sa hannunsa don kwat ɗin aro, sai ya yi wa mai gabatar da ƙara bayanin yadda aka yi."

Ankwa ta yi ƙara. Musbahu ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ce wani abu, amma Gwaggonsa tana kallon bango. Aka sauka da shi ta gaban shagon taya, masu faci suka bar aiki suna kallo.

Najiba ta jawo kwamfutar gabanta. "Hajiya, yau za mu fara mayar da sunanki. Lambarki ta Kano zan sa, da ta nan, kuma sim ɗin nan a wayarki zai zauna. Duk ranar da muka yi bidiyo, sai na ga fuskarki, ko da mura, ko da me."

"Na ji, 'yar nan."

"Ni ma zan kai rahoton kaina hukuma," in ji Najiba, ba tare da ta dubi Sufeto ba. Ta danna maɓallin naɗa. "Bismillah. Ki faɗi sunanki da sunan kamfanin."

Hajiya ta gyara gyale, ta kalli kyamarar ido cikin ido.

"Ni ce Turai. Kamfanin kuwa, na yaron nan ne. Ke ki faɗa, ni in ce e."

Najiba ta dubi Sufeto.

Ya ɗauki hularsa. "Naɗa haka. Wannan karon ita ce."