Jar Tukunyar Surajo

A shagon kayan kicin na Jamaluddeen, bakin titin Kura, Surajo ya fara ganin Muhsina. Filas ɗin shayi ya shiga saya wa mahaifiyarsa, ƙafarsa duk laka, don daga gonarsa ta tumatir a Kadawa yake. Ya tarar da budurwa tsaye da murafan tukwane biyu a hannu, ɗaya kore, ɗaya ruwan ɗorawa, tana ɗaga wannan tana sauke wancan.

Tukwanen ba irin na dalma da aka saba ba ne. Na baƙin ƙarfe ne masu nauyi, an lulluɓe su da fenti mai santsi kamar tangaram, ciki fari, waje launi. Tsadarsu ta sa 'yan mata masu tara kayan ɗaki ba sa iya ɗaukar saiti gaba ɗaya, sai ɗaya bayan ɗaya. Wadda kuwa ta fara da wani launi, ta ɗaure kanta da shi ke nan har ranar jere.

"Ki ɗauki koren," in ji Surajo, alhali ba wanda ya tambaye shi. "Irin ganyen shinkafa ne kafin ta fitar da kai. Ba ya gundurar ido."

Ta dube shi daga hula har lakar ƙafarsa. "Malam, shawara kake sayarwa ko tumatir?"

"Tumatir. Shawarar kyauta ce."

Ta ajiye murafan duka biyu, ta gyara hijabinta, ta fita ba ta sayi komai ba. Shi ma ya fita, sai da ya kai gida ya tuna bai sayi filas ɗin ba.

Bai sha wahalar gano gidansu ba. 'Yar Malam Sammani ce, mai Islamiyya a Bunkure. Tana koyar da ƙananan yara da safe, tana ɗinkin hijabai da yamma, da abin da ta samu take tara kayanta. Surajo ya bi ta ƙofa kamar yadda ɗan mutunci ke yi: ya nemi izini, aka ba shi, ya fara zuwa zance bayan la'asar. Ita ta sa masa Sarkin Noma, shi yana kiranta Malamata. Kafin tumatir ya fara fure, manyansa sun kai gaisuwa, saura sa rana.

Surajo mutumin kirki ne, mai sallah, mai neman na kansa. Amma yana da kishi irin wanda ba ya tsayawa ya yi tambaya sau biyu. Wasu samarin na ɗaukar wannan a matsayin alamar so. Ba so ba ne, rashin tarbiyyar zuciya ne.

Wata rana da hantsi yana bakin kanal yana jiran ruwa ya shiga gonarsa, saƙonta ya shigo da hoto. Tukwane uku ne jere a kan tabarma, korra shar.

"Sarkin Noma, kalli abin da nake tarawa. Ƙaramar ta miyar mutum biyu ce. Mai faɗin ta soya tumatir ce, don ruwansa ya tsotse da wuri. Ta tsakiyar ta shinkafa. Saura babbar, Jamalu ya ce zai kawo min daga Kano."

Da wani saurayin ne ya ga haka, da sai ya yi murna ana shirya masa gida. Surajo abu biyu kawai ya gani: kore, da kuma "Jamalu". Domin kwanan nan Jamaluddeen ya yi wa ƙofar shagonsa fenti kore, kuma duk Kura an san ya taɓa aika a tambayar masa Muhsina.

Da yamma ya bi ta gaban shagon a kan babur, wai hanya ce. Jamaluddeen ya ɗaga masa hannu.

"Ango, ka gaya wa Malama babbar ta kusa isowa. Ba sai ta faɗi launi ba, na san launinta."

"Ka san launinta?"

"Ai mai shago ya fi kowa sanin zuciyar mace." Ya shafa koriyar ƙofarsa yana murmushi. "Kuma ta yi hankali da ta nemi babba. Irin gidanmu na yawa, ƙaramar tukunya ko yara ba ta isa."

Surajo ya ja babur ya wuce. Lissafinsa guda: shi da tsohuwarsa kaɗai ne a gida, in Muhsina ta zo su uku. Me mutum uku za su yi da tukunyar gidan yawa?

Ya rubuta mata: "Malamata, me ya sa kore? Launuka sun ƙare ne a duniya?"

"Kai ne kake tambayata me ya sa kore?"

"Ni ne."

"To zauna ka tuna."

Bai zauna ba, bai tuna ba. Maganar da ya faɗa da bakinsa a shago ta daɗe da fita daga kansa, ta Jamaluddeen kuwa ta zauna daram. Sai ya ɗauki amsarta a matsayin kauce-kauce.

Da ya sayar da tsinkar farko, ya shiga Kano ya nemo irin tukunyar, babbar cikinsu, ja wur kamar nunannen tumatir. Nufinsa ya riga Jamaluddeen, kuma ya fasa wannan koren da ke hana shi barci. Ya ɗaure ta a bayan babur ko kwali babu, ya ratsa Bunkure da rana tsaka, ya tsaya a ƙofar gidan Malam Sammani, ya yi sallama ya ce a shiga da ita.

Ko yaro a wannan ƙasa ya san rabon aikin. Lefe na ango ne. Gado da katifa da kwanuka da tukwane na iyayen amarya ne, kuma tukunya musamman ta uwa ce. Namijin da ya kai tukunya gidan surukai kafin aure, abin da ya faɗa shi ne: kun kasa, bari in rufa muku asiri. Ranar kuwa gidan cike yake da matan unguwa, sun zo karatun manya da Mairama, mahaifiyar Muhsina, ke jagoranta.

Aka dire jar tukunya a tsakar gida. Wata daga cikin matan ta ce a hankali, "Ikon Allah. Yanzu angwaye ke yin kayan ɗaki?"

Mairama ta rufe littafin da ke hannunta. "Ashe har Kura an ji labarin Mairama ba ta iya yi wa 'yarta tukunya." Ta juya ga ƙanwarta. "A mayar masa. A ce mun gode, ba mu kai nan ba tukuna."

Kafin magariba Malam Sammani ya aika wa manyan Surajo cewa maganar sa rana a dakata. Kafin Juma'a ta zagayo, mutanen Jamaluddeen sun je gaishe da Malam da kwalin dabino.

Saƙo ɗaya Muhsina ta aiko: "Ka kunyata Ummata a gaban ɗalibanta. Ni ka yi min komai zan jure, ban da wannan. Kada ka kira ni."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Ya rubuta: "Malamata, hasken idona, wallahi ba raini ba ne. Ki saurare ni ko sau ɗaya." Saƙon ya nuna an karanta, amsa ba ta zo ba. Tumatir ya yi kyau a gona, 'yan tsinka na cika kwanduna, mai gona na zaune a kan kunya yana kallon waya. Duk babur ɗin da ya nufi Bunkure, sai ya ga kamar Jamaluddeen ne a kai.

Kawunsa Tambaya, ƙanin mahaifinsa marigayi, shi ya same shi a nan.

"Kai, uban wa ya aike ka kai tukunya?"

"Kawu, wancan mai shagon ne…"

"Mai shago ne ya ɗaura maka ita a babur? Tashi ka wanke ƙafarka. Ni zan yi magana, kai ka durƙusa. Shi kaɗai ka iya yau."

A zaure, Malam Sammani ya saurari Kawu Tambaya har ya gama, sannan ya dubi Surajo.

"Ban san ka da raini ba. Faɗa min gaskiya, me ya kai ka?"

Surajo ya sunkuyar da kai ya faɗa duka: koren tukwane, koriyar ƙofa, babbar tukunya da gidan yawa. Kawu Tambaya ya kama haɓa. Malam bai yi dariya ba.

"Wato zargin 'yata ka yi. Wannan ya fi tukunyar muni. Tun da a kanta ka yi zato, ita za ta ba ka amsa."

Aka kira Muhsina. Ta durƙusa daga bakin ƙofar cikin gida, fuskarta a rufe da gefen hijabi.

"Me ya sa kika zaɓi kore?" in ji mahaifinta.

Ta ce, "Baba, ruwan ɗorawa nake so tun asali. Ranar da na je saya, wani mutum ya shigo da laka a ƙafa, ya ce in ɗauki kore, wai irin ganyen shinkafa ne kafin ta fitar da kai. Na ji kunyar saya a gabansa. Washegari na koma na ɗauka. Ƙofar shagon a lokacin ko fenti babu, daga baya ya shafa, ni ban sa shi ba."

Surajo ya ji kamar an watsa masa ruwan kanal. Shagon ya dawo masa, da murafan biyu, da filas ɗin da bai saya ba.

"Babbar fa?" in ji Malam.

"Na je gaishe da Inna, mahaifiyarsa, na tarar tana dafa wa 'yan ƙwadagon gonar tumatir abinci sau biyu a ƙaramar tukunya, bayanta na ciwo. Ta ce kafin a kai Kadawa ya huce, yaran suna ƙorafi. Irin wannan ƙarfen yana riƙe zafi. Na ce in na je, in ɗauke mata, a dafa sau ɗaya a kai musu da ɗumi."

Kawu Tambaya ne ya fara magana, yana kallon ɗan wansa. "Ka ji ko? Tana auna tukunya da gonarka, kai kana auna ta da ƙofar wani."

Surajo ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Malam, na yi zalunci. Ba ni da hujja. A taimaka a kira Umma in roƙe ta."

Mairama ba ta fito ba, daga bayan labule ta yi magana.

"Na ji. Na yafe maka don ka faɗi gaskiya a kan kanka. Amma jar tukunyarka ba za ta shiga jeren 'yata ba. Babbar ni zan saya, koriya, da hannuna, kuma ba a shagon wancan mai fentin ba. Matan da suka ga shigowar taka, su za su ga fitar tawa."

"Na amince, Umma. Allah Ya ƙara girma."

Malam Sammani ya juya ga 'yarsa. "Kin san mutanen Jamaluddeen sun zo. Ban ba su amsa ba. Wannan kuma kin ga halinsa da idonki. Har yanzu shi?"

Ta ƙara sunkuyar da kai. "Baba, na riga na fara da kore."

Ta tashi ta shige da sauri. A ranar aka sa rana, aka kuma aika wa mutanen Jamaluddeen cewa yarinya an ba da ita.

Kafin Surajo ya kai Kura saƙo ya shigo: "Sarkin Noma, kada ka sayar da jar. Ka ba Inna ta ajiye min. Ina da aikin da zan yi da ita."

"Malamata, ko cewa kika yi in kifa ta a kai in zagaya kasuwa, zan yi."

"Ba sai ka zagaya ba. Ka dai riƙa tuna abin da ka faɗa da bakinka."

Bayan an gama kwashe tumatir aka ɗaura aure. Ranar jere, mata suka tsaya a kicin ɗin amarya suna kallon korayen tukwane daga ƙarama har babba, Mairama na tsaye a gefe. Matar nan da ta yi magana ranar karatu ta ɗaga murfin babbar da hannu biyu, ta ce, "Mairama, kin yi. Allah Ya sa a ci lafiya."

Halin mutum ba ya mutuwa ranar ɗaurin aure. Wata rana Surajo ya shigo cin abincin rana ya tarar amarya na dariya a waya. Ya tsaya a bakin ƙofa, murya ta canja.

"Da wa kike magana haka?"

Ta miƙa masa wayar, ya ga sunan Umma. Sannan ta shiga ɗakin Inna, ta fito rungume da jar tukunya, ta juye masa shinkafarsa a ciki, 'yar kaɗan a can ƙasan ƙaton ƙarfe, ta dire a gabansa.

Ya dubi tukunyar, ya dubi matarsa. Daga ɗaki ya jiyo tsohuwarsa na dariya ƙasa-ƙasa. Ya zura hannu har gwiwa ya ɗebo loma.

"Na tuna, Malamata. Ki yafe."

"Na yafe, Sarkin Noma. Ci, kada ta huce."

Tun daga ranar jar tukunya ba ta cika fitowa ba, sai ƙura take sha a ƙarƙashin gadon Inna. Allah Ya bar su tare, Ya ba su zuri'a mai albarka, Ya sa jar tukunya ta daɗe a inda take.