Warin Kananzir a Shagon Mai Hatimi

Ƙarfe uku da rabi na yamma aka bugo wa Sufeto waya, an tsinci gawar Mai Hatimi a shagonsa. Ya ture kwanon abincinsa, ya ce wa Saje ya tayar da mota.

Shagon ɗaki biyu ne a ƙarshen layi. A na gaba ake sassaƙa hatiman roba ana buga katunan gayyata, a na ciki kuma ake yin takarda da hannu. Fallayen takarda na rataye a igiya kamar shanya, iskar fanka na kaɗa su. Ga babban bahon da ake jiƙa tsofaffin takardu su narke. A cikinsa tsohon ya kifa, kansa a ruwa, ƙafafunsa a waje.

A kan teburi akwai falle ɗaya ɗauke da manyan haruffa: KU YAFE MINI. Ba da biro aka rubuta ba. Da sitansil aka yi, wato faifan roba mai hudaddun haruffa da ake ɗorawa a dangwala tawada da soso. A ƙasa ga hatimin marigayin, ɗan tsuntsu a kan reshe.

Sufeto mutum ne mai hancin tsiya, matarsa ma ta gaji da ɓoye masa abu. Ya ɗauki hatimin da hankici ya shinshina. An goge shi tas, sai warin kananzir yake yi.

Likita ya duba gawar ya girgiza kai.

"An buge shi a ƙeya, Yallaɓai. Ya cika kafin a sa shi a ruwan nan."

Saje ya kalli 'yar marigayin, wadda ake kira Auta, tana rakuɓe a bakin ƙofa, hannuwanta duk tawada.

"Yallaɓai, magana ta ƙare," ya ce a hankali. "Ita ke da mukulli, ita ta iya aikin sitansil, ita ta ce ta tsinci gawar."

Sufeto ya jawo wa Auta kujera.

"Ina kika je da rana?"

"Kai katunan wata makaranta, Yallaɓai."

"Kun yi faɗa da mahaifinki?"

"Ko kaɗan."

"Telan da ke maƙwabtaka da ku ya ce ya ji ku da safe, har kin bugo ƙofa."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga.

"Na ji tsoro ne. Na ce masa ya huta, idonsa ya fara rauni. Ya ce sai dai a fitar da gawarsa daga shagon nan." Ta nuna bahon. "Ga shi kuwa."

Maganar ta sosa wa Sufeto rai, amma tausayi ba ya wanke mutum a kotu. Idan ba a sami wani ba, ita za a gurfanar da laifin kashe ubanta.

Ana cikin haka wani dattijo ya shigo yana salati, yana sharar ƙwalla. Ƙanin marigayin ne, Auta na ce masa Baffa, kayan gini yake sayarwa a kasuwa.

"Yaushe rabonka da shagon nan?"

"Ya fi shekara, Yallaɓai. Ni da sana'ar nan kuwa mun yi hannun riga shekara talatin, tun rasuwar mahaifinmu. Ko soso ban san yadda ake riƙewa ba yanzu." Ya rage murya. "Yarinyar nan ku yi mata a hankali, tana da zuciya. Ko Yaya yana kuka da ita."

Sufeto ya lura da yadda aka miƙa masa yarinyar a faranti.

Da ya sami Auta ita kaɗai, ya nuna mata hatimin.

"Da me kuke wanke waɗannan?"

"Ruwa da sabulu."

"Kananzir fa?"

Duk da halin da take ciki, sai da ta ɗago a fusace.

"A kan roba? Ai cinye ta yake, ta kumbura ta lalace. Da Baba zai ga na yi haka, da na sha rankwashi. Na fitilar ajiya ne kawai muke da shi. A zamanin Kaka ne ake goge hatimi da shi, lokacin na tagulla ne."

Washegari da hantsi Sufeto ya tara su a ofishinsa, Auta da Baffa da Tela. A gefen teburi ya ajiye kwanon ruwan sabulu, kwalbar kananzir, barasar goge ciwo da tsumma, kamar tarkacen da aka manta. Kowa ya sa hannu a bayaninsa, Sufeto na buga hatimin ofis. Yana zuwa kan na Baffa sai tambarin ya fito a dagule.

"Kai, wannan abu ya cushe," ya ce yana tsaki, ya tura shi gaban dattijon. "Taimaka ka goge mini, Baffa, hannuna da fayil."

Ya juya yana yi wa Saje wata tambaya marar amfani.

Baffa bai ko duba ba. Hannunsa ya tsallake ruwan sabulu ya ɗauko kwalbar, ya ɗiga a tsumma, ya murza fuskar hatimin sau uku, ya hure, ya kifa shi a gefe. Aikin gwani, cikin ƙiftawar ido.

Warin ya cika ofis. Auta ta miƙe a hankali tana kallonsa.

"Baffa..."

"Wanda ya kashe Mai Hatimi ya tsaya ya goge hatimin da ya yi ƙarya da shi," in ji Sufeto. "Ɓarawon titi ba zai damu ba. Auta da sabulu za ta wanke. Sai wanda ya koyi aikin a zamanin tagulla. Tela kuma ya tuna da safen nan cewa ya ga babur ɗinka a bayan layi jiya da rana."

Dattijon ya kalli tsumman da ke hannunsa kamar yanzu ya fara ganinsa.

"Ɗana ne ya faɗi jarrabawa," ya ce da kyar. "An yi masa alkawarin aiki, takardar shaida kawai ake nema. Na roƙi Yaya ya sassaƙa mini hatimin makarantar. Ya ce shekara arba'in hannunsa bai sassaƙa ƙarya ba, kuma in na kai wa wani zai tona. Ya juya mini baya. Ƙarfen matse takarda na kusa da ni." Ya ajiye tsumman. "Mahaifinmu ba ya barin mu tashi sai mun goge kayan aiki. Wallahi ban san na goge ba."

"Da an kai ni gidan yari fa, Baffa?" Auta ta tambaya.

Saje ya sa wa Baffa ankwa ya tasa shi gaba.

Sufeto ya ce mata hatimin tsuntsun zai zauna a wurin 'yan sanda har a gama shari'a. Ta roƙi a bar ta ta gan shi. Da aka buɗe ledar da aka adana shi a ciki, robar ta riga ta kumbura, fukafukan sun haɗe da reshen. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta mayar ta fita, ta ce akwai takardun Baba a igiya da ba a sauke ba.