Zagaye Ɗaya a Rana

A garin Madarunfa, a unguwar da ke kusa da tafki, akwai wani yaro ɗan shekara goma sha biyu. Mahaifinsa, Malam Mamman, magini ne. Ba ya gina ɗaki, ba ya gina katanga. Rumbun ƙasa kaɗai yake ginawa, wanda ake kira rufewa. A da su tara ne masu wannan sana'a a garin. Yanzu saura shi kaɗai, don mutane sun koma zuba hatsi a buhu.

Da girbi ya kusa, Rabi'u, yayan yaron, ya zo gida daga Ɗan Issa, inda yake aikin mota. Da zai koma, ya bar wa ƙanensa tsohuwar salularsa. Gilashinta ya tsage, amma akwai wani wasa a cikinta.

Ga yadda wasan yake. Kana farawa da bukka ɗaya da mutum ɗaya. In ka danna gona, hatsi ya ƙaru. In ka danna daji, itace ya ƙaru. In kaya sun taru, sai ka danna sau ɗaya, rumbu ya tsaya nan take. Kana ƙara mutane, kana raba musu aiki, har ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa. Sunan wasan da Faransanci yake, ga shi da tsawo. Sai yara suka sa masa suna Danna-danna.

Kafin sati biyu wasan ya bazu a unguwa. Wanda ba shi da salula, ya ari ta uwarsa.

Amma ba kowa ya ji daɗinsa ba. Wani yaro mai suna Ashiru ya ce wasan azzalumi ne. Kwana uku yana gini, mahara suka zo suka ƙone masa rabin gari. Akwai wurin da masu wasa ke ba shi taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Ashiru ya ba shi tauraro ɗaya, ya rantse ba zai ƙara taɓa shi ba. Kashegari aka gan shi bayan lakwal, wato makarantar boko, yana dannawa.

Wani kuma, Mansur, ya ce duk mai zagin wasan rago ne, yatsansa ba ya sauri. Nan suka kaure da faɗa har riga ta yage. Mushe, malaminsu, ya raba su, ya hana zuwa lakwal da salula.

Yaron Malam Mamman shi ya fi kowa. Garinsa na da mutum dubu biyu da rumbu arba'in. Shi ya ba wasan taurari biyar. Duk wanda ya kushe wasan, sai ya hau shi da faɗa.

A wannan shekarar, rumbun kakarsa Zuwaira ya faɗi da damina. Ga shi ta sami gero dami sittin. An jibge dammunan a tsakar gida, a ƙasa. Gara kuwa ta fara shiga na ƙasan. In ba a gama sabon rumbu da wuri ba, abincin shekara zai tafi cikin gara.

Malam Mamman ya kama aiki. Ya jera duwatsu, ya ɗora itace, ya yi gindi. Ya kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa. Kullum da safe sai ya je ya danna babban yatsansa a bakin ginin jiya. In yatsa bai bar gurbi ba, sai ya ɗora zagaye ɗaya, tsawon taƙi ɗaya. Daga nan ya wanke hannu, sai gobe. Rumbun na buƙatar zagaye goma sha takwas.

Wannan abu yana ba yaron haushi ƙwarai. Kaka Zuwaira ma tana ta mita. Ta saba kiran jikanta maigidana, irin wasan kaka da jika. Kullum sai ta ce masa maigida ne shi na banza, yana kallo gara na cinye abincin matarsa.

Wata safiya yaron ya kasa haƙuri.

"Baba, ga ƙasa a kwaɓe, ga rana. Me zai hana ka ɗora uku yau?"

"Ƙasa ba ta san sauri ba," in ji Malam Mamman.

Yaron ya yi gunaguni, ya ce shi ya gina rumbu arba'in cikin sati biyu. Mahaifinsa ya dube shi, ya dubi salular da ke hannunsa. 

Ran Asabar aka gayyaci Malam Mamman suna a garin Gabi. Kafin ya tafi, ya ɗora zagaye na tara. Nan ne cikin rumbu ke fara faɗi, kamar cikin tulu. Ya kira yaron.

"Ka yayyafa wa ƙasar nan ruwa, ka rufe ta da zana. Ginin kuwa, kada ka taɓa shi. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

Kaka Zuwaira ta tafi garka tsinkar zogale. Gida ya rage daga yaron sai ƙanwarsa Atika.

Yaron ya zauna yana danna wasansa. Ya dubi rumbun da ke tsaye rabi. Ya dubi dammunan gero. Sai wata dabara ta zo masa. A wasa, in gini ya yi nawa, mutane ake ƙarawa. Baba shi kaɗai yake aiki, shi ya sa ba ya sauri. Haka ya gaya wa kansa.

Ya fita ya tara abokansa shida, har da Ashiru da Mansur. Ya raba musu aiki kamar yadda yake yi a wasa. Biyu su ɗebo ruwa a bido, wato jarka. Biyu su yi curi. Biyu su miƙa. Shi da kansa zai ɗora.

Atika ta tsaya a gabansa. Ta tuna masa abin da Baba ya ce.

"Kauce ki ba mutane wuri," ya daka mata tsawa. "Ke me kika taɓa ginawa?"

Ta ce sai ta faɗa wa Baba. Ya ce ta je ta faɗa wa duk Madarunfa.

Aiki ya yi sauri kuwa. Yaron ya sha kallon mahaifinsa, don haka hannunsa ya iya shafe curi. Suka ɗora zagaye ɗaya, suka ɗora na biyu a kai. Mansur yana ƙirgawa da ƙarfi, yana cewa sun hau mataki. Kafin la'asar sun ɗora biyar. Ginin ya wuce kansu, sai da yaron ya taka turmi.

Abu ɗaya ne bai yi ba. Bai danna yatsa ko sau ɗaya ba.

Suna tsaye suna yabon kansu, sai Atika ta ce ginin yana motsi. Cikin rumbun ya kumbura ta gefen gabas. Tsaga ta fito, ta gangaro har gindi. Yaran suka watse. Rumbun ya sulale ya zube gaba ɗaya, har da zagaye taran da Malam Mamman ya yi. Ɗanyar ƙasa ta binne dami huɗu na gero.

Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni.

Nan faɗa ya tashi. Ashiru ya ce dama ya faɗa, duk abin da ya fito daga wasan nan ba alheri. Mansur ya ce laifin masu curi ne, sun cika ruwa. Yaron ya ce laifinsu ne duka. Suka zagi juna, kowa ya kama hanyar gidansu.

Kaka Zuwaira ta fara dawowa. Ta ajiye ƙwaryar zogale. Ta daɗe tana kallon geronta cikin laka. Ta yi faɗa har muryarta ta dishe. A ranar ba ta kira shi maigidana ba. Wannan ya fi faɗan yi masa zafi.

Ana shirin sallar magariba Malam Mamman ya shigo. Ya tsaya cik. Atika ba ta ma buɗe baki ba, don laka na nan a rigar yayanta.

"Zo nan," in ji Malam Mamman. 

Ya kama hannun yaron, ya danna babban yatsansa a wani ɓaraguzan gini. Yatsan ya nutse har gaba.

"Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki. Rumbuna bai taɓa faɗuwa ba. Gobe duk gari za a ce rumbun Mamman ya faɗi, a gidan uwarsa. Kwana tara ka zubar. Gara za ta jira ka?"

 Mahaifinsa bai doke shi ba. Ya saki hannunsa ya tafi masallaci.

Kashegari yaron ya tashi da fushi. Amma ba da kansa yake fushi ba, da wasan yake yi. Ya zauna a zaure, ya buɗe wurin taurari. Ya goge biyar, ya sa ɗaya. Ya rubuta a ƙarƙashin tauraron: "Wasan ƙarya ne. Ya rushe rumbun kakata. Kada kowa ya yi shi."

Malam Mamman ya same shi yana rubutun. Ya ce ya karanta masa. Yaron ya karanta.

"Wasan ne ya ɗauki curi ya ɗora?"

"A'a."

"Da na ce kada a taɓa gini, wa ya ce na ji? Kai ko shi?"

"Ni ne."

"To ka yi ɓarna jiya, yau kuma za ka yi ƙarya?"

Sai a lokacin yaron ya fashe da kuka. Ya goge abin da ya rubuta. Ya roƙi gafarar mahaifinsa. Ya je ya durƙusa gaban Kaka, ya ba Atika haƙuri.

Malam Mamman ya karɓi salular ya miƙa wa Kaka Zuwaira. Ta jefa ta cikin kwalla ta rufe. Ta ce ba mai ganinta sai geronta ya shiga rumbu.

Yaron ya bi gidajen abokansa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce musu laifinsa ne, amma yana neman taimako. Ashiru ya fara ƙi, ya ce ba zai ƙara bin umarnin sarkin Danna-danna ba. Da yamma sai ga shi da bido biyu.

Da geron suka fara. Suka jera duwatsu da itace, suka ɗora dammunan a kai. Kaka ta barbaɗa toka kewaye don gara. Suka tono dami huɗun nan, suka shanya. Uku suka tsira. Ɗaya ya lalace.

Malam Mamman ya sake gini daga gindi. Kwana da yawa ba ya yi wa yaron magana sai ta aiki. Yaran suna zuwa in an tashi daga lakwal, su ɗebo ruwa, su tattaka ƙasa. Da mutum bakwai da mutum ɗaya, zagaye ɗaya dai ake ɗorawa a rana.

A rana ta tara aka wayi gari da gajimare. Ginin ya sake kaiwa wurin da cikin rumbu ke fara faɗi. Kaka na ta mita, ta ce ta ga gara ta haye dutse ɗaya. Malam Mamman ya kira yaron.

"Duba mana. A ɗora?"

Yaron ya danna babban yatsansa a bakin ginin. Ya ɗaga. Ga ɗan gurbi nan, ƙarami ƙwarai. In bai faɗa ba, ba wanda zai lura. Ya dubi Kaka, ya dubi geron.

"Bai yi ba, Baba. Sai gobe."

Kaka ta ce za su kashe ta da jira. Malam Mamman kuwa ya shafa wurin da yatsansa, ya gyaɗa kai. Ranar ya fara yi wa yaron murmushi. Maimakon gini, suka kankare hanyar garar, suka ƙara toka.

Kwana goma sha tara aka yi kafin a gama. Aka bar rumbun ya bushe sarai, aka ɗora masa jinka. Yaran suka yi layi suna miƙa gero. Dami hamsin da tara suka shiga.

Kaka Zuwaira ta dama musu fura. Ta buɗe kwalla ta ɗauko salular.

"Ungo, maigidana. Ka ci mini dami ɗaya, amma na yafe. Ban dai yafe kuɗin cefane ba."

Kowa ya yi dariya, har Malam Mamman.

Yaron bai daina wasan ba, amma sai ya gama aikin gida da na lakwal. Ya koma wurin taurari ya ba shi uku. Ya rubuta: "Wasa ne mai daɗi. Amma rumbunsa ba ya jiran rana, namu kuwa yana jira." Ashiru ya ce uku sun yi yawa. Mansur ya ce sun yi kaɗan. Har yau ba su daidaita ba.

Da wani girbin ya zo, aka kira Malam Mamman gina rumbu a garin Sarkin Yamma. Bai tafi shi kaɗai ba. Ɗansa da Mansur suna biye da shi.

Yara, wasa wasa ne, aiki aiki ne. In babba ya ce a jira, akwai abin da ya sani. In kuma kun yi kuskure, kada ku ɗora wa wani laifi. Ku amsa, ku gyara, zagaye ɗaya a rana.