Yatsa Biyu

Ranar Juma'ar kasuwar Wudil Nu'uman ya fara ganin Fiddausi. Ta tsaya a ƙofar shagonsa na kafinta, rungume da kwalin kayan kwamfuta.

"Malam, an ce kana ƙera gidan kwamfuta da katako?"

Ya ce eh, bai ma san ya saki guduma ba.

Ɗalibar zanen gine-gine ce a jami'a, tana maimaita shekarar ƙarshe saboda tsohuwar kwamfutarta ta kasa fitar da zanen furojet. Nu'uman ya ɗauko katakon maɗaci ɗaya tilo da marigayi babansa Magaji ya bari, ya ƙera mata gidan babu ƙusa, sai haɗi da gam, yadda baban ya koya masa. Kafin gam ya bushe soyayya ta kama.

Sai dai mahaifinta, Malam Isyaku, manomin Dagumawa ne mai magana ɗaya.

"Ba aure sai da digiri. In ta sake faɗuwa ta dawo gida, kai kuma ka nemi wata."

Tun daga ranar Fiddausi take jin kamar an rufe ta a rumbu.

Saura kwana uku ta gabatar da furojet, katin girafik da za a sa a cikin kwamfutar ya fitar da zanen ya iso daga Kano. Nu'uman ya zare murfin gefe, ya saita katin, ya ƙi shiga. Ya fi gidan tsawo da yatsa biyu. Gwanin awo, ashe bai tambayi tsawon abin da bai gani ba! Ga gam ya riƙe, ba kwancewa sai dai yanka.

Ya kira Fiddausi ya gaya mata. Da la'asar saƙonta ya shigo:

"Kafintana, na san katakon babanka ne, ba zan ce ka yanka ba. Amma wallahi na gaji da zama wuri ɗaya."

Ya karanta sau biyar, sannan ya mayar:

"Tauraruwata, ki zo gobe da safe."

Ta zo ta tarar da shi riƙe da zarto. Sai ga Malam Isyaku, ya shigo gari sayen taki ya biyo ta shagon.

"Kai yaro, wannan ba maɗacin Magaji ba ne? Ko tayi ba ya saurara a kansa."

"Shi ne, Baba. Gidan ne ya yi wa abin cikinsa kaɗan."

Nu'uman ya yanke gaban gidan, hawaye na ɗiga a kan garin katako. Ya danna katin ya shiga ƙas, hancin katin a waje, ya tokare shi da guntun da ya yanko don kada ya lanƙwashe. Fiddausi ta kunna, fanka ta juya.

Malam Isyaku ya daɗe yana kallon yankan.

"Ta ci ko ta faɗi, ka turo magabatanka."

Fiddausi ta rufe fuska da mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata.

Ta kuwa ci. Bayan girbi aka ɗaura aure a Dagumawa, dattawa na ta sa albarka. Ranar da aka jera mata ɗaki, ango ya dubi kwamfutar mai hanci a waje ya ce zai toshe ramin.

Ta riƙe hannunsa.

"Bar shi, Kafintana. Ta nan na fita."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.