Kalmar da Ta Kama Ɗan'azumi

Da Madam Priska ta buɗe akwati mai lamba sha bakwai a rumfar ajiyar kaya, tabaronta na nan, wayarta na nan, sarƙar ce babu. Ta shafa kusurwa huɗu, ta duƙa ta leƙa, sannan ta juyo ta kalli ƙawarta.

"Zuwera, zoben Bulus."

Hajiya Zuwera ta san zoben. Na auren Priska ne da marigayi mijinta, shekara tara ke nan yana rataye a wuyanta jikin siririyar sarƙa. Yau ma ba don allon da ke cewa a cire sarƙa da tabarau kafin a hau Maciji ba, da bai bar wuyan ba.

Asabar ce, kwana na uku da buɗe sabon ɓangaren filin wasa na bakin kogi a Gudel, wata unguwa a Yamai. Tsofaffin biyu sun zo tun hantsi, don kawai jikokinsu sun ce wurin ba na tsofaffi ba ne. Priska ta yi ritaya daga asibiti. Zuwera kuwa shekara talatin da ɗaya tana tafinta a kotun Yamai, tana juya Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Sun tuƙa jiragen ruwa masu feda a tafki, waɗanda aka ƙera da siffar dabbobi. Sun hau motocin karo, Priska ta banke wani alhaji sau uku da gangan. Daga ƙarshe suka hau Maciji, jirgin nan da ke kifa mutum ya tayar, ya mai da masa abincin rana maƙoshi.

Zuwera ta zaunar da Priska a inuwa, ta tafi nemo mata ruwa. Kafin ta dawo har an kama ɓarawo.

Saurin ne bai yi mata ba. A kotu ta ga shari'o'in da suka dahu da wuri, kuma yawancinsu ɗanye ne cikinsu.

Wanda aka kama Ɗan'azumi ne, mai gadi, wani dogo mai faɗin kafaɗa. Yana zaune a kan benci, hularsa a hannu. Darektan filin na tsaye a kansa yana cewa ya cire rigar aiki. Ajidan Sadiƙ, ɗan sandan da aka girke a filin, mutumin Maraɗi, ya riga ya kira mota daga kwamisariya, ofishinsu na ƴan sanda.

"Ɗana," in ji Zuwera, tana duban Ajidan, "da me ka kama shi?"

"Hajiya, aikin hukuma ne."

"Na sani. Na ci tuwon hukuma kafin a yaye ka. Da me ka kama shi?"

Ajidan ya dube ta, ya ga ba irin wadda ake kora ba ce. Ya buɗe ɗan littafinsa.

Mabuɗin da ke buɗe dukan akwatuna biyu ne. Ɗaya na wurin Kande mai kula da rumfar ajiya, ɗaya na wurin Ɗan'azumi. Ya tambayi Kande. Ta ce lokacin da Maciji ya tashi ta tafi sallar la'asar, ta rataye mabuɗin a ƙusa bayan ƙofa, inda duk ma'aikata suka sani. Mata biyar sun shaida tare suka yi salla.

Ya tambayi Anas mai hoto, wanda aka gani yana kai-kawo kusa da rumfar. Anas ya miƙa na'urarsa. Hoto bayan hoto, kowane da lokacinsa, duk na masu hawan Maciji.

"Ga ki nan ma, Hajiya," in ji Anas, wanda ke tsaye gefe, ya juyo mata da na'urar.

Zuwera ta ga kanta baki buɗe, ɗankwali a kunne ɗaya. "Goge wannan, ko in maka ka a kotu. To, Ajidan, shi mai gadin kuma fa?"

"Shi ya ce yana ƙofar baya shi kaɗai," in ji Ajidan. "Ba shi da shaida. Ni kuma ina da ita. Wata tsohuwa Bazabarmiya tana can ƙololuwar babban lilo, ta ga komai. Tana saukowa ta ce banga. Sau uku. Ki tambayi kowa a nan wa ake kira Banga."

Ɗan'azumi ya ɗago kai. "Ni ne, Hajiya. Shekara shida ina ɗan banga a ƙauyenmu, ina tsaron dabbobin mutane. Ko akuya ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Wata ɗaya ke nan da zuwana Yamai. In aka sa ni a motar nan, gobe labari ya kai gida, da wane ido zan dubi ƴaƴana?"

"An caje shi?"

"Ba komai a jikinsa. Ya ɓoye ne."

"Ajidan, kana jin Zabarmanci?"

"Gaisuwa da cefane."

"To wa ya juya maka maganar tsohuwar?"

"Habibu, mai kula da jiragen ruwa. Yana wurin, ya ce mai gadi take nufi. Amma banga ai da kunnena na ji, Hajiya, ba sai an fassara ba."

Wani abu ya motsa a ran Zuwera, amma ba ta saba sayen doki a cikin ruwa ba.

"Ina tsohuwar?"

"Ta koma kan lilon. Sun ce tun safe ta ƙi sauka."

"Ba ni zagaye ɗaya na lilo kafin ka sa mutumin nan a mota. In ban zo da komai ba, ni da kaina zan buɗe maka ƙofar."

A gindin lilon akwai tebur da babban littafi inda baƙi ke rubuta ra'ayinsu. Layi na da tsawo, Zuwera kuwa ba ta iya tsayawa kusa da rubutu ba ta karanta ba. Wani ya rubuta cewa Maciji ya fi jirgin sama, ko da yake bai taɓa hawa jirgin sama ba. Wata ta ce motocin karo sun fi tuƙin Yamai hankali. Wani ya rantse ya hango gonakin shinkafar Saga, can ɗaya ƙarshen Yamai, daga sama. Zuwera ta ɗaga kai ta auna lilon, ta ce a ranta wannan ido nasa ne shi kaɗai. Wata mata ta rubuta lokacinta, ƙarfe uku da rabi, ta ce jirgin dorina ya fi duka daɗin tuƙi. Sahu biyu ƙasa, wani uba ya yi ƙorafi da manyan baƙaƙe: bayan la'asar sun tsaya a tafki ba ma'aikaci, da ya zo kuma sai ya ɗaure dorina ya ce ta lalace, ƴarsa ta yi ta kuka.

Zuwera ta karanta wannan sau biyu.

Ta samu tsohuwar a keji mai launin ɗorawa, ta shiga ta zauna gefenta, ta gaishe ta da Zabarmanci. Sunanta Mariyam, mai lambu ce a nan Gudel. Lilo ya ɗaga su a hankali. Kogi ya shimfiɗe, gadoji suka fito, rufin Harobanda, unguwar Zabarmawa, ya yi ta ƙyalli a hayin ruwa.

"Dubi can," in ji Mariyam, "kabejina ne. Waccan kuma akuyar maƙwabcina ce a ciki. Shekara uku yana rantsuwa ba ta shiga. Ni da wannan abu mutu ka raba."

"Iya, me kika faɗa wa ɗan sanda?"

"Abin da na gani. Wani mai rigar aiki ya fito daga rumfar akwatuna da sauri, ya nufi tafki, ya tsuguna, ya cusa wani abu mai walƙiya a baki, ya ɗaure. Da na ji ana kukan sarƙa na ce musu: a go banga ra. Sau uku na faɗa. Sai na ga sun rufa a kan mai gadi. Na ce to, Hausawa da hukuma, sun san abin da suke yi."

"Kin ga fuskarsa?"

"Daga nan? Daga nan kowa hula ne."

Zuwera ta yi dariya har kejin ya girgiza.

Tana sauka motar kwamisariya na shigowa. Ta kama hannun rigar Ajidan.

"Zo mu je tafki. A taho da Ɗan'azumi, a kira Priska."

Jirage huɗu ne a tafkin: kada, agwagwa, kifi, da dorina mai ƙaton baki, wadda ke ɗaure a gefe da kwali a wuya. Habibu na tsaye da sandar jawo jirgi, saurayi mai fara'a, ya tarbe su da murmushi.

"Ɗana, me ya samu dorina?" in ji Zuwera.

"Tana shan ruwa, Hajiya."

"Tun yaushe?"

"Tun safe."

"Ikon Allah. Ni da ƙawata ita muka tuƙa da hantsi. Wata kuma ta rubuta ta hau ta ƙarfe uku da rabi." Ta miƙa sandarta ta ƙwanƙwasa cikin jirgin. Ya amsa kamar ganga. "Jirgin da ke shan ruwa, ga cikinsa a bushe kamar rumbu. Ina ka tafi lokacin la'asar?"

"Ina nan, ban gusa ba."

"Littafin baƙi ya ce ka gusa. A ina aka haife ka?"

"Harobanda."

"Da safe da wane suna kake kiran yara su hau wannan jirgin? Na ji ka da kunnena."

Habibu ya ja da baya, ya saci kallon dorinar.

"Ajidan," in ji Zuwera, "banga a Maraɗi mutum ne mai gora da tocila. Banga a bakin Bazabarme dorina ce. Tsohuwar cewa ta yi yana cikin dorina. Sa hannu."

Ajidan ya naɗe hannun riga, ya zura hannu a bakin dorina har kafaɗa. Ya fito da ledar ruwa a ƙulle. Priska ta ga zoben tun kafin a kwance, ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya da hawaye tare.

Habibu ya yar da sanda, ya faɗa cikin agwagwa, ya dinga taka feda da dukan ƙarfinsa. Tafkin bai fi filin ƙwallo rabi ba, kuma kewaye yake da katanga. Jama'a suka ɗauka wani sabon wasa ne, suka fara tafi. Ɗan'azumi ya cire takalmi, ya shiga ruwan da bai wuce ƙugunsa ba, ya kamo wutsiyar agwagwa ya jawo ta gaɓa da hannu ɗaya.

Bayan mota ta tafi da Habibu, Ajidan ya zo ya tsaya gaban Zuwera, hula a hannu.

"Hajiya, tsohuwar ba ta ga fuska ba. Yaya kika san shi ne?"

"Mabuɗi na kan ƙusa, kowane ma'aikaci zai iya ɗauka. Wannan bai nuna kowa ba. Littafin baƙi ya nuna tafki ya zauna ba kowa daidai lokacin da Kande ke salla, kuma a nan ne lafiyayyar dorina ta kwanta ciwo. Wa ke da ikon ɗaure ta, ya hana yara zura hannu a bakinta har a tashi? Amma babbar shaida fassarar ce. Kai ka yi kuskure, don kunnenka na Maraɗi ne. Ɗan Harobanda da ke wuni yana kiran banga ba zai yi wannan kuskuren ba. Ya ji tsohuwa ta tona shi a gabanka, ya ga ka waiwaya wajen mai gadi, sai ya tura ka inda ka riga ka nufa. Tafintan da ya karkatar da magana, ka duba aljihunsa."

"An ce gani ya kori ji," in ji Ajidan a sanyaye.

"Haka ake cewa. Yau kuwa saura kaɗan ji ya kori gani har gidan kaso."

Darekta ya zo da kansa ya mayar wa Ɗan'azumi hularsa, yana ta kame-kame. Ɗan'azumi ya sa hular, wandonsa na ɗigar da ruwa, ya matso kusa da Zuwera.

"Hajiya, wato wata ɗaya ke nan mutanen garin nan na ce mini dorina ina amsawa?"

"Da wannan kafaɗar taka, ɗana, ba su yi maka ƙazafi ba."

Priska ta ɗaura sarƙarta, ta cusa zoben cikin riga, ta ja hannun Ɗan'azumi zuwa jirgin. Ta cire kwalin daga wuyan dorina ta yar.

"Shiga ka taka mana," ta ce. "Ai taka ce."